Zoben Da Ya Fi Takardarsa Tsafta

Wata daga cikinku ta rubuto min cewa ina ba da labarina kamar mai karanta sakamakon asibiti, ba kuka ba ihu. Gaskiyarki, 'yar uwa. Aikina ne ya mayar da ni haka. Shekara shida ke nan ina wuni a wani ɗaki mai farin bango wanda ba shi da taga, ina duba duwatsun lu'ulu'u, waɗanda kuka fi sani da daimon, ina rubuta abin da na gani. Ranar farko da na fara, shugabarmu da muke kira Malama ta ce min in dutse ya burge ni in ajiye shi, in je in sha ruwa in dawo, domin idon da ke cikin sha'awa ba ya ganin aibi. To ku yi haƙuri da ni, na yau ma haka zan ba ku shi.

Bari in ɗan yi wa wadda ba ta san aikin ba bayani, don ta gane abin da ya same ni. Idan aka kawo mana dutse, ba a gaya mana mai shi, lamba kawai yake zuwa da ita. Mu auna nauyinsa, mu duba launinsa, mu duba yadda aka yanka shi, sannan mu nemo tabon da ke cikinsa, domin kusan kowane dutsen da aka haƙo daga ƙasa yana da nasa tabon, kamar yadda kowane yatsa ke da nasa zanen. Sai mu zana taswirar tabon a takarda da jan alƙalami, in sa hannu, Malama ta sa hannu. Lambar takardar kuma a rubuta ta da leza a ƙugun dutsen, ƙananan haruffa da ido ba ya gani sai da gilashin ƙara girma. Wannan takardar ita mai saye ke dogara da ita. In babu ita, sayen daimon sayen kifi ne a ruwa.

Ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa ke kirana har yau da nake da shekara ashirin da tara. Mu biyu ne wurin Umma, ni da Yaya. Baba ya rasu ina aji biyu a sakandare, Yaya ya karɓi shagon gwala-gwalan da ya bari, ya riƙe gidan, shi ya kai ni makarantar koyon duba duwatsu da ƙafarsa. Ku riƙe wannan.

Maganar aure kuwa, Umma ta gaji da ni tun tuni.

“Kin mayar da maza duwatsu,” haka take cewa. “Kowa ya zo sai kin juya shi kin nemo masa tabo. To ke wa ya ce miki ba ki da naki?”

Har Likita ya zo. Likitan ido ne. Duk shekara wurin aikinmu na tura mu a gwada mana gani, a can muka haɗu. Ya jera min wasu ƙananan kwalabe masu launi kusan iri ɗaya ya ce in tsara su, na tsara kafin ya gama zama. Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, “Baiwar Allah, wannan ido naki ai sai a yi masa inshora.” Tun ranar yake kirana Mai Ido. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya gaggawa, rigarsa kullum a goge, yana da wata ɗabi'a ta goge tabaransa da gefen hankici idan yana tunani. Na juya shi wata takwas ban samo abin da zan kai wa Umma ƙara ba.

Ranar wata Asabar da yamma ya ce zai zo da magana. Umma ta canja labulen falo zuwa masu ruwan madara, ta fito da kofunan shayin da ba a taɓawa sai an yi baƙi na musamman. Na sa doguwar riga ruwan toka mai ɗinkin azurfa a wuya, da farin gyale. Umma ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Ke ko jan baki ba za ki sa ba? Kamar mai zuwa gaisuwar mara lafiya.” Na sa don a zauna lafiya.

Bayan sun gaisa da Umma ta shige ciki, ta bar ƙofa a buɗe rabi, ya ajiye ƙaramin akwati baƙi a kan tebur, da wata farar ambulan.

“Fara da ambulan ɗin,” ya ce.

Tun kafin in gama warware takardar na gane tamu ce, da tambarinmu a sama. Na sauke ido ƙasa, sai ga sa hannuna.

“Ni ban san daimon ba,” ya ce yana murmushi. “Gilashin tabarau na sani. Sai na ce to wa zan yarda da shi in ba ke ba? Na je wurin Yaya na ce masa ba na son mafi girma, ba na son mafi tsada, wanda ya bi ta hannunki nake so. Kwana goma ya yi kafin ya samo min.”

Na dubi taswirar, na tuna dutsen. Wata goma sha huɗu da suka wuce na duba shi. Nauyinsa karat ɗaya da ɗan ɗori, fari mai kyau, kuma can kusa da gefe yana da wani ɗan tabo lanƙwasasshe kamar jinjirin wata. Na tuna shi ne saboda sai da na sake zanen sau biyu kafin lanƙwasar ta fito daidai.

Ya buɗe akwatin. Zoben farar zinariya ne, ƙafafu shida riƙe da dutsen. Hasken taga ya faɗa masa ya watsa launuka a jikin kofin shayi. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi. Ba wanda ya taɓa yi min abu da ya shafi aikina haka. Na sa shi, ya zauna a yatsana kamar an gwada.

Umma ta fito kamar wadda ta zo ɗaukar wani abu, ta kama hannuna ta ɗaga, ta yi ta sa albarka har muryarta ta fara rawa. Kafin magariba hoton hannuna ya zagaye dangi. Gwaggo ta aiko saƙon murya na minti huɗu, wanda taƙaitawarsa shi ne ashe dai zan auru tana raye.

Gilashin ƙara girmana yana cikin jakata a lokacin, kullum yana ciki. Ban ɗauko shi ba. Wanzami ba ya son jarfa.

Kwana uku na yi ina daurewa. A wurin aiki ba a zama kan tebur da zobe, don haka duk safiya sai in cire shi in sa a aljihun farar rigar aiki. Ranar Talata da rana kowa ya fita cin abinci, ɗakin ya yi tsit sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Na ce bari dai in gaisa da jinjirin watana. Wallahi iyakar niyyata ke nan.

Na wanke zoben, na goge, na ɗora shi ƙarƙashin babbar na'urar ƙara girma, na juya shi zuwa inda taswira ta nuna.

Babu komai a wurin.

Na ce wataƙila ƙafar zoben ce ta rufe shi. Na bi ƙafafun nan shida ɗaya bayan ɗaya, na karkata shi, na canja haske, na duba ta sama na duba ta ƙasa. Dutsen nan tas yake kamar ruwan sama. Tabo kuwa ba ya warkewa a jikin daimon. Idan yau akwai shi, bayan shekara dubu ma yana nan.

Na nemo lambar da ke ƙugunsa. Tana nan, daidai da ta takarda, ba kuskuren ko harafi ɗaya. Sai dai rubutun lezarmu siriri ne, gefensa sumul. Wannan ya ɗan yi kauri, bakin lamba bakwai ya tsattsage kamar wanda hannu ya yi rawa.

Akwai wata na'ura a kusurwar ɗakin da ke rarrabe dutsen da aka haƙo daga ƙasa da wanda aka haɗa a masana'anta. Shi ma na masana'anta daimon ne, ba gilashi ba, amma a kasuwa tsakaninsu kamar sama da ƙasa ne. Na saka zoben, na rufe murfin. A allo sai ga layuka a jere reras, irin waɗanda inji ke bari. Na gan su sau ɗari a duwatsun mutane.

Wato wani ya sami takardata, ya sa an yanka masa dutsen inji daidai nauyi da faɗin wanda na duba, ya sa an kwaikwayi lambarmu a jikinsa. Takardar gaskiya ce. Duk abin da na rubuta a cikinta haka yake. Kawai dai ba labarin wannan dutsen take bayarwa ba.

Wayata ta yi ƙara a aljihu.

*Mai Ido, kin ci abinci? Mama ta ce a kawo mata ke ranar Juma'a ta ga zoben a hannun mai shi.*

Na rubuta masa: *Na ci. Allah Ya kai mu.*

Na mayar da zoben aljihu, na ɗauki hantsakina na ci gaba da dutsen da ke gabana. Hannuna bai yi rawa ba. Na lura da haka, kuma ban ji daɗin lurar ba.

Da aka tashi ƙarfe biyar na wuce shagon Yaya. Shago ne dogo mai kabad ɗin gilashi hagu da dama, fitilu farare a sama, da tsohon ma'aunin Baba da ya ajiye a kan kanta don ado. Na tarar yana sallamar wasu mata biyu, yana ba su dariya. Yaya mutum ne mai faran-faran, in ya yi miki magana minti biyar sai ki ji kamar tare kuka taso.

“Amarya da kanta!” ya ce bayan sun fita. “Auta, ko an zo yi wa Yaya godiya ne?”

Na cire zoben na ajiye a kan baƙin ƙyallen da ke kanta, na ajiye takardar a gefensa.

“Yaya, ina dutsen wannan takardar?”

Ya dubi zoben, ya dube ni. Bai ce bai gane ba, wannan kam na yaba masa. Ya zagaya ya juya allon ƙofa zuwa *a rufe*, ya dawo.

“Sai da na ce a raina yarinyar nan ba za ta bari ba. Zoben aurenki ma sai kin kai shi gwaji?”

“Ina dutsen?”

“Na sayar tun bara. Wani baƙo ne, ya gani yana so, ko takardar bai tambaya ba. Ta zauna a durowa.” Ya ja kujera ya zauna. “Sai ga mutuminki ya zo min da rigima, shi lallai sai wanda kika sa wa hannu. Na duba ba ni da ko ɗaya. In ce masa babu? Mutum ya zo neman ƙanwata, abu na farko da ya roƙe ni in kasa?”

“Sai ka ce masa babu, Yaya.”

“Ke ba ki san kasuwa ba. Kuma tsaya, wannan ɗin gilashi ne? Daimon ne fa. Ya ma fi wancan tsafta, ke da kanki kin gani.”

“A farashin na inji ka ba shi?”

Ya gyara zaman ma'aunin Baba wanda bai karkace ba.

“Auta, a hannun wa zoben zai zauna? Ba naki ba? Sayar da shi za ki yi? Daga gidanmu ya fita, gidanmu ya dawo. Wa aka cuta?”

“Sunana ne a takardar.”

“Sunanki,” ya maimaita a hankali. “Wa ya kai sunan inda har ake neman sa hannunsa?”

Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da ya fi min sauƙi.

“Sau nawa ka yi haka?” na tambaye shi.

Ya dafa ƙirji. “Haba Auta. Sau ɗaya ne, kuma saboda ke. Ki ba ni wata biyu, zan nemo na ƙasa mai kama da shi in canja miki, ba wanda zai sani. Ki rufa min asiri, Allah Ya rufa naki.”

Na dubi fuskarsa yadda nake duba dutse. Ban ga komai ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, haka ake cewa, sai dai nawa a duwatsu aka horar da shi. Na ɗauki zoben na fita.

Kafin in isa gida ya riga ni ta waya. Na sami Umma a ɗakinta tana ninke kayan wanki a kan gado, ba ta ɗago ba.

“Zauna,” ta ce.

Na zauna a bakin gadon.

“Yayanki ya yi kuskure, na kuma gaya masa abin da ban taɓa gaya masa ba. Ya ce zai gyara. Magana ta ƙare a ɗakin nan.”

“Umma, Likita fa?”

“Me ya sami Likita? Ya ce miki wani abu na damunsa? Yana can yana farin cikinsa.” Ta ninke zanen gado ta danne shi da tafin hannu. “In kika gaya masa, me zai gaya wa uwarsa? Cewa gidan da zai nemi aure sun fara da yi masa sakiyar da ba ruwa? Kina ganin za su sake taka ƙofar nan? Shekara nawa ina jiran ranar nan, Auta?”

“Ni ma an cuce ni, Umma.”

“Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.” Sai a lokacin ta dube ni. Idonta ya yi ja. “Yaron nan yana da shekara ashirin ya ajiye karatunsa ya tsaya a kanta don ke ki yi naki. Ban ce ya yi daidai ba. Na ce ɗan'uwanki ne. Sa zobenki.”

Na sa.

Ranar Juma'a na je gidansu Likita da shi a hannuna. Mahaifiyarsa, tsohuwar malamar makaranta ce mai fara'a, ta riƙe yatsuna ta kai su kusa da taga.

“Ni dai ban san kan abin nan ba,” ta ce, “amma ya ce min ke kika tantance shi da kanki, to ai magana ta ƙare.”

Na yi murmushi, na ce, “Na gode, Mama.” Na sha lemon da aka kawo min har ƙasan kofi. In kuna neman inda na fi jin kunyar kaina a labarin nan, to nan ne.

Kwana tara na yi da sani. Yaya na aiko min da saƙo kullum da safe: *Auta ta Yaya, an tashi lafiya?* abin da rabonsa da yi tun ina makaranta. Umma na bin yatsana da kallo duk lokacin da na shigo, ta tabbata yana nan. A wurin aiki kuwa ina ci gaba da sa hannu a takardun mutane, kowace na sa sai in tsaya ina kallonta, ina tunanin a kan wane dutse za ta kwana nan da shekara guda.

Ranar Alhamis na nemi izinin awa biyu da safe, na tafi asibitin idon. Na jira ya sallami wani dattijo, sannan na shiga. Ɗakinsa na da duhu-duhu, allon haruffa na haske a bango, manya a sama ƙanana a ƙasa.

“Mai Ido! Lafiya? Ko idon ne?”

“Idon lafiyarsa ƙalau. Shi ne ma matsalar.”

Na ajiye zoben da takardar a kan teburinsa, na gaya masa komai daga jinjirin wata har maganar Umma. Ban rage ba, ban yi wa Yaya ado ba, ban kuma ƙara masa gishiri ba. Bai katse ni ba. Da na gama ya cire tabarau ya shiga gogewa, ya daɗe yana gogewa.

“Tun yaushe kika sani?”

“Talatar makon jiya.”

“Wato ranar da kika je wurin Mama…”

“Na sani.”

Ya gyaɗa kai. Na ga abin ya shige shi, na ga kuma ya haɗiye.

“Wannan ya fi min ciwo a kan dutsen,” ya ce. “Amma kin zo. Ba wanda ya kamo ki, da ƙafarki kika zo.” Ya mayar da tabaran. “Ga abin da nake gani. Ni ba dutse na zo aura ba. Yaya zai zama surukina har ƙarshen rayuwa, ba na so mu fara da kotu. Mama ba sai ta ji ba. Ki mayar da zobenki, takardar kuma ki yaga ta. Na yafe.”

Ya turo min zoben da yatsa ɗaya.

Ku da kuke karantawa, na san me kuke cewa: ke kuwa me kike nema kuma? Ga miji na gari, ya yafe, asiri ya rufu, Umma za ta yi barci. Ni ma abin da na gaya wa kaina ke nan. Mutum uku da na fi so a duniya, kowa da dalilinsa, duk abu ɗaya suke roƙona, in yi shiru.

“Likita,” na ce, “naka ka yafe, kuma Allah Ya saka maka. Amma lambar da ke jikin dutsen nan ba taka ba ce, ba tawa ba ce. Ta wurin aikinmu ce. Akwai wanda ke da injin kwaikwayonta a garin nan. Dokarmu ita ce duk wanda ya ga haka ya kai rahoto a ranar. Ni na yi kwana tara.”

“Za su tambaye ki inda aka saya.”

“Za su tambaya.”

“Umma fa?”

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗauki zoben da kansa ya sa a ambulan tare da takardar, ya miƙo min.

“Ban ce na yarda da ke a wannan ba,” ya ce. “Amma in kin fito ki kira ni.”

Ƙarfe ɗaya da rabi na ƙwanƙwasa ofishin Malama. Mace ce da ta haura sittin, siririya, ba ta sa ko ɗan kunne, shekara talatin tana aikin nan. Na ajiye ambulan ɗin, na yi mata bayani a tsaye. Ta duba zoben da gilashinta, bai ɗauke ta minti ɗaya ba. Ta zaro fom ɗin rahoto ta ajiye a gabana da alƙalami.

Na cike lambar, na cike nauyi, na cike abin da na'ura ta nuna. Na zo layin ƙarshe, inda aka rubuta *Inda aka sayi dutsen*, alƙalamin ya tsaya. Sau ɗaya ne, na ce a raina. Saboda ni ya yi. Zan iya rubuta *ban sani ba*.

Malama ta jawo durowarta, ta fito da ambulan biyu ta jera kusa da tawa.

“Wannan ɗan kunne ne, ya zo wata biyu da suka wuce. Wannan sarƙa ce, ta zo Litinin. Masu su sun kawo ne a sake duba musu. Takardun duka namu ne, na gaskiya. Duwatsun duka na inji ne. Duba ƙasa.”

Na duba. Sa hannuna ne a duka biyun, nata a gefensa.

“Shago ɗaya,” ta ce. “Na san na wane ne. Na kuma ga a na'ura cewa an gwada wani dutse ranar Talatar makon jiya da rana, ba a rubuta shi a ko'ina ba. Tun ranar nake jiranki. Da ba ki shigo yau ba, gobe da safe da na karɓi makullinki.”

Na ce, “Malama, me ya sa duka nawa ne? Mu huɗu ne ke sa hannu a nan.”

Ta dube ni ta saman tabarau, muryarta ta ɗan sauka.

“Ni ma na tambayi mai sarƙar. Ta ce da farko ta yi shakka, ta so ta kai wani wuri a duba mata kafin ta biya. Sai mai shagon ya ɗora yatsa a kan sa hannunki, ya ce mata, ‘Hajiya, kwantar da hankalinki. Wannan ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ni na raine ta. Tun tana yarinya ba ta iya ƙarya ba.’”

Wayata ta fara ruri a aljihun farar rigata. Na ciro na duba, *Yaya*. Na kifa ta a kan tebur, na ɗauki alƙalamin na rubuta sunan shagon Baba a layin, harafi bayan harafi, yadda kowa zai iya karantawa. Na sa hannu.

Malama ta karɓi fom ɗin ta karanta, ta sa a fayil.

“Je ki wanke fuskarki ki dawo,” ta ce. “Mai sarƙar za ta zo ƙarfe biyu, ita da lauyanta. Ta ce ba ni take son gani ba, ƙanwar nan take so ta gani da idonta.”

Na ɗaga kai na dubi agogon bango. Biyu saura minti bakwai.